Rarraba Gaɓa a Harɗaɗɗun Sunayen Harshen Norwe

A harshen Norwe ana rubuta harɗaɗɗen suna a dunƙule, kamar kalma guda. Kafin a rarraba gaɓoɓinsa sai an gano iyakar kalmomin da suka haɗu. Misali, hustak (rufin gida) daga hus da tak ya fito, don haka hus-tak ne rabonsa. Nauyin furuci yakan sauka a kalmar farko.

Wani lokaci ɗafin mahaɗi yakan shiga tsakani. Mahaɗin -s- ba ya ƙara gaɓa, yana manne da kalmar farko: ar-beids-dag (ranar aiki). Shi kuwa -e- yakan ƙara gaɓa: barn da hage sun ba da bar-ne-ha-ge (makarantar renon yara).

Ɗalibi Bahaushe, wanda ya saba da tsarin BW, BWW da BWB, yakan cusa wasali cikin jerin baƙaƙe irin na -dsd-. Wannan yana ƙara yawan gaɓoɓi, ya kuma ɓata furucin kalmar.