Kafin a shiga da kai tiyata, faɗa wa likita gaskiya

Idan an sa maka ranar tiyata a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, kada ka raina tambayoyin likita. Za a auna yawan jininka, hawan jini da sukari. Faɗi duk maganin da kake sha, har da jiƙo da sassaƙe, domin wasu kan hana jini tsayawa. In an ce ka bar abinci awa 6 kafin aiki, ko kunu kada ka kurɓa: amai cikin barcin allura na iya faɗawa huhu.

Bayan sallama, riƙa ɗan takawa, kuma kada a shafa wa ɗinkin komai. Da ka ga zazzaɓi, kumburi ko mugunya, koma asibiti a ranar, ko da daga Bali za ka taso.