TSOHUWAR MOTA DA SABON BIRKI: Abin dubawa kafin a biya kuɗɗi

Daga Gidan Runji zuwa Gazawa, galibin motocin da ke ɗaukar fatake da ma'aikata sun kwana biyu. Masu su na kula da inji da taya, amma in aka zo ga birki sai a nemi mafi arha. Alhali in inji ya mutu mota tsayawa take yi, in kuwa birki ya mutu, ƙin tsayawa take yi.

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 daga Gidan Runji, ya ratsa Tibiri da Maraɗi da Caduwa da Agiye har Gazawa, tafiyar wajen kilomita 150, ya san irin motocin da muke nufi: Peugeot 504 da 505, Toyota Corolla da Hiace, da Mercedes 190. Da yawa cikinsu sun ci zamaninsu a Turai kafin su iso mana, su ne ake wa laƙabi da «au revoir la France». Ita 504 tun 1968 aka fara ƙera ta, kuma masana'antar Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000.

Hanyar ba ta da tsaunuka, shi ya sa wasu direbobi ke ganin birki ba shi da wani aiki bisanta. Kuskure ne. Amalanken shanu da ya hawo kwalta babu sanarwa, da garken awaki, da ɗan kabu-kabu, da yaran da ke tsallakawa ranar kasuwa, kowanensu na bukatar a tsaya nan take. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. In aka ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa ninkuwa take sau huɗu. Sannan a ƙara buhunan gero da wake da aya da aka labta mata. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa, zafin kuwa yana taruwa ne bisa wasu ƴan ƙarafa da ba su fi tafin hannu ba.

Iri huɗu a kasuwa

Aikin birki ba shi da wuyar fahimta. Akwai faifan ƙarfe, wato diski, da ke juyawa tare da taya. Akwai takalma biyu, waɗanda makanikai ke kira filaket, ɗaya kowane gefe. In direba ya taka, man birki ya tura fistan, takalman su matse faifan. A baya kuwa, yawancin tsofaffin motoci ganga gare su, wato tambur. Haka 504 familiyal da bashe suke.

Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da ta zubar da rabin ƙimarta, kayan gyara na Faransa suka fi ƙarfin aljihun mutane da dama. Ƴan kasuwa suka karkata ga Kano da Onica da Nnewi, daga baya Dubai da Sin. Rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020, da wanda aka yi daga 2023 zuwa 2024, sun ƙara tsananta al'amarin. A yau mai saye yana gamuwa da iri huɗu: sabo na sanannen kamfani, sabo mai arha wanda ba a san maƙerinsa ba, na hannu da aka kwance daga wata mota, da kuma tsohon ƙarfe da aka liƙa wa sabuwar fata.

Biyun ƙarshe ba abin yarda ba ne. Na hannu ba a san irin zafin da ya sha ba, ko mai ya taɓa jiƙa shi. Na liƙi kuwa, ranar da zafi ya kai matuƙa fatar na iya ɓantarewa gaba ɗaya, ƙafar direba ta nutse har ƙasa. Game da mai arha, bari mu yi lissafin ɗan kasuwa: mu ɗauka rabin kuɗɗin mai kyau ne, amma sai an sauya shi sau uku kafin mai kyau ya cinye. A haɗa da ladan makanike sau uku, da wunin da mota ta yi ba ta fita ba, da faifan da ya kakkarce. Hausawa sun riga sun faɗa: arha ba ta ado.

Yadda za a zaɓi takalmi

Abu na farko, a tafi shago da tsohon takalmin da aka cire, tare da lambar shasi da ke cikin kart giriz. Sunan mota kaɗai bai isa ba, domin samfuri guda kan fito da birkin kamfanoni dabam-dabam, wata Bendix, wata Girling, gwargwadon shekara da ƙasar da aka harhaɗa ta. A ɗora tsoho bisa sabo, a gwada tsawo da faɗi da kunnuwa. Takalmin da sai an goge shi da zarto kafin ya shiga, ba na motar ba ne.

Na biyu, a dubi haɗin fatar. Akwai mai laushi, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa, kuma yana sanyin kamu in ya yi zafi. Akwai mai gaurayen ƙarfe, wanda ke jure zafi da nauyi, ko da yake ya fi cin faifai. Akwai na seramik, mai tsada, wanda aka yi domin motocin birni. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis, mai laushi na kirki ya wadatar da shi. Mai jigilar fasinja da kaya zuwa kasuwannin ƙauye, mai ƙarfe ya fi dacewa da shi.

Na uku, a karanta bayan takalmin. Kayan da aka yarda a sayar a Turai suna ɗauke da harafin E cikin da'ira, da lamba mai farawa da 90R. Ma'anarta an gwada shi, kamunsa bai bambanta da na asali da fiye da 15 cikin 100 ba. Sai dai masu jabu ma sun iya buga tambari, sun kuma iya rubuta Ferodo ko Valeo ko Bosch bisa kwali. Saboda haka a lura da rubutun da ke gogewa da yatsa, da fatar da ke marmashewa a gefe, da giɓi tsakanin fata da ƙarfe. Mafi tabbas shi ne a riƙe mai shago guda wanda za a iya komawa wurinsa.

Kada a manta da faifai

Sabon takalmi na da kaurin fata wajen milimita 10 zuwa 12; in ya rage milimita 3, lokacin sauyi ya yi. Wanda ya jira sai ya ji ƙarfe na gugar ƙarfe, ya riga ya sayi faifai bai sani ba. Shi ma faifan yana da iyaka, an hatimce ta a jikinsa da haruffan MIN TH da adadin milimita. A sa makanike ya auna da ma'aunin kauri, ba da ido ba. Faifan da ya sirance ba ya ɗaukar zafi, yana lanƙwashewa, shi ne za ka ji sitiyari na karkarwa in an taka. Wanda ya yi tsagu, ko ya yi shuɗi-shuɗi don ƙuna, ko rairayi ya yi masa kwari mai zurfi, sai sauyi. Kai shi wurin masu injin sassaƙa yana da amfani ne kawai in bayan sassaƙar bai sauka ƙasa da iyakarsa ba.

A sayi irin wanda motar ta zo da shi: mai iska a tsakiya ko dunƙulalle. Masu huji-huji da ake yi wa motocin tsere ba su da wata fa'ida bisa hanyoyinmu na jan birji, matattarar ƙasa kawai suke zama. Ka'ida kuma ita ce bibbiyu: dama da hagu tare, takalmi ko faifai. In aka sauya gefe guda, mota za ta riƙa fizga gefe duk lokacin da aka taka da ƙarfi.

Ragowar aikin

A tsohuwar mota, sau da yawa laifin ba na takalmi ba ne. In ɗaya ya cinye ɗan'uwansa na nan da kauri, fistan ne ya cije, galibi don robar da ke kare shi ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga. A duba bututun roba, ko sun tsattsage. Man birki kuma yana shan laima. DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Ranar da ya tafasa, feda za ta nutse babu kamu. Don haka ake sauya shi duk shekara biyu, daga gwangwani rufaffe, ba na awo da ake tsiyayawa cikin kwalba ba.

Akwai kuma lafiyar yaran garaji. Faransa ta haramta amiyant tun 1997 saboda cutar huhu da yake haddasawa, amma tsofaffin takalma da wasu masu arha na iya ƙunsar shi. Kada a hure ƙurar birki da baki ko da iska. A share ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan an gama ɗauri, a tattaka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa. Cikin kilomita 200 zuwa 300 na farko a riƙa takawa sannu, don takalmi ya zauna bisa faifai.

Mai mota guda ne ke ciniki a shago, amma fasinjojin da suka biya kuɗɗinsu a tashar Agiye ko ta Gazawa ba a shawarce su ba. Amanarsu tana wuyansa. Allah ya kiyaye hanya.