Ƙaramin Manomin Inabi a Kudancin Faransa: Yadda Araha da Nagarta Suke Haɗuwa

A kasuwannin Turai ana yawan samun kwalbar jar giyar inabi da ta fito daga gonar wani iyali a yankin Languedoc ko kwarin kogin Rhône, wadda masana harkar suke yabon ingancinta alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Matsayin giya a addinin Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma ba tallarta ne ya kawo ni wannan shafi ba. Abin da ya ja hankalina, a matsayina na mai koyar da tattalin arzikin noma, tambaya ce da ta shafi kowane ƙaramin manomi: ta yaya mai hekta goma ko ashirin yake tsayawa da ƙafarsa a kasuwar da manyan kamfanoni suka mamaye, ba tare da ya gajiyar da ƙasarsa ko ya yi algus ba?

Amsar tana da tushe a cikin wahala. Wajen shekarar 1863 wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cin saiwar inabi a kudancin Faransa, har ya lalata mafi yawan gonakin ƙasar. Masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ya gano shi a 1868, maganin da aka samu daga baya kuwa shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa. Da gonaki suka farfaɗo sai kaya suka yi yawa, ga kuma 'yan algus da ke haɗa giyar jabu da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoma suka yi bore a ƙarƙashin Marcelin Albert, kuma ranar 9 ga Yuni mutane fiye da rabin miliyan suka taru a birnin Montpellier. Sojoji sun harbe mutane a Narbonne, amma kafin watan ya ƙare majalisa ta zartar da dokar hana algus. A 1935 aka kafa tsarin kare sunan asali, wanda ya hana a sayar da kaya da sunan wani yanki sai in can aka noma shi bisa ƙa'idojin da aka rubuta.

Wannan doka ce ginshiƙi na farko. Ƙaramin manomi ba shi da kuɗin talla, amma sunan yankinsa dukiya ce da ya yi tarayya da maƙwabtansa a cikinta, hukuma kuma tana tsare masa ita.

Ginshiƙi na biyu shi ne gauraye. Jar giyar wannan yanki yawanci haɗin iri uku ce ko fiye. Grenache yana jure fari da iska, sai dai furensa kan zube idan yanayi ya ɓaci. Syrah yana ba da launi mai duhu kuma yana nuna da wuri. Mourvèdre yana son zafi, shi ne kuma na ƙarshen girbi. Ƙa'idar garin Châteauneuf-du-Pape, da aka amince da ita a 1936, ta yarda da iri goma sha uku. Masu ɗanɗano suna kallon wannan a matsayin gwaninta, ni kuwa ina ganin inshora ce. Idan sanyin bazara ya ƙone tohon wani iri, kamar yadda ya faru a faɗin Faransa cikin Afrilun 2021, wanda ya makara wajen toho yakan rage asara. Girbi kuma ba ya zuwa lokaci guda, saboda haka 'yan hannun da ke gidan sukan ishe shi. Manomin da ke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan hikima.

Na uku shi ne riƙon ƙasa. Masu irin waɗannan gonaki sukan bar ciyawa ko dangin wake tsakanin layuka domin hana zaizaya, wasu su saki tumaki cikin hunturu su yi kiwo su bar taki. Busasshiyar iskar mistral da ke kaɗowa daga arewa tana rage cututtukan da danshi ke haifarwa, don haka feshi bai zama dole kamar a yankuna masu laima ba. Amma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mai son shaidar noman da babu sinadaran zamani sai ya yi shekara uku yana bin ƙa'ida kafin a ba shi, kuma a tsawon lokacin amfaninsa kan ragu ba tare da ƙarin farashi ba. Hatta maganin jan ƙarfe da aka yarje masa yana taruwa a ƙasa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai.

To daga ina arahar take fitowa? Mafi yawa daga kuɗin fili. Hektar inabi a yankin Champagne tana kai kimanin Yuro miliyan ɗaya, alhali a wurare da dama na Languedoc ba ta kai Yuro 20,000 ba. Mai saye a can yana biyan ɗaukakar suna, a nan kuwa yana biyan aiki. Ga kuma sayarwa kai tsaye a bakin gona, wadda ke rage rabon dillalai, da ƙungiyoyin gama kai da suka samo asali tun ta ƙauyen Maraussan a 1901, inda waɗanda ba su iya mallakar injuna suke haɗa ƙarfi.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka an gudu an tsira. Shan jar giya yana raguwa a Faransa, zafi yana ƙaruwa, kuma a 2023 sai da aka ware Yuro miliyan 200 domin janye rarar da ta kwanta a rumbuna, yayin da ake biyan manoman Bordeaux su tumɓuke dubban hektoci. Kariyar suna tana hana ɓarawo, ba ta ƙirƙiro mai saye.

Abin da nake so ɗalibaina da masu tsara manufa su ɗauka a nan shi ne darajar suna. Mun daɗe da sanin zafin rashinsa: jar fatar akuyar Sakkwato ta ratsa hamada zuwa Turai, aka riƙa sayar da ita da sunan fatar Maroko. Maƙwabtanmu sun farga. Kamaru ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku rajista a 2013, Nijar kuma ta bi sahu da kilishi da albasar Galmi. Manoman inabin ci na Hunƙuyi a jihar Kaduna, da masu kilishi da majema, suna bukatar abin da manoman Languedoc suka samu bayan an zubar da jini: ƙa'ida rubutacciya wadda su da kansu za su amince da ita, ƙungiyar da za ta hukunta mai algus ko da ɗan gida ne, da dokar da za ta hana bare cin moriyar sunansu. Aikin majalisa ne ta yi dokar, amma rubuta ƙa'idar nauyi ne da ya rataya a wuyan manoman da jami'o'inmu, kuma babu abin da ya hana a fara shi tun bana.