Acca, keto da ciwon sukari: Abin da ya kamata masu aika kuɗi Kafanchan su sani

A Kafanchan da ƙauyukan Kudancin Kaduna, da zarar likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon sukari, shawarar farko da dangi ke ba shi ita ce ya koma cin acca. Wannan imani ya bi 'yan yankin har Abuja, inda ma'aikata da dama ke saƙon buhun acca daga gida. Yanzu kuma wata sabuwar shawara ta shigo ta WhatsApp, wato tsarin cin abinci na keto, wanda masu yaɗa shi ke cewa yana raba mutum da magani. Tsakanin shawarwarin nan biyu akwai tsofaffi a gida da ke jiran abin da 'ya'yansu na birni za su yanke.

Keto tsohon tsari ne. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya gabatar da shi domin masu farfaɗiya. Ƙa'idarsa ita ce a taƙaita sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a yini, a cike gurbin da mai, nama, kifi, ƙwai da ganye. Idan jiki ya rasa sitaci, sai hanta ta riƙa narkar da kitse ta samar da wani sinadari, kiton, wanda jiki ke ƙonawa a madadin sukari. Shi ya sa sukarin jini ke sauka, ƙiba ta ragu. A 2019 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta amince cewa rage sitaci na cikin hanyoyin da mai nau'i na biyu na ciwon zai iya bi.

Sai dai giram 50 kaɗan ne ƙwarai a akushin Kudancin Kaduna. Malmalar tuwon masara guda kan kai wannan adadi ko ta wuce shi, balle a haɗa da doya, gwaza ko kofin kunu. Ita ma acca hatsi ce, fiye da kashi 70 cikin ɗari na busasshiyarta sitaci ne. Wanda ya cika kwano da tuwon acca yana ganin magani yake ci, ƙarshenta na'urar gwaji ce za ta ba shi amsa.

Babban haɗarin keto yana wajen haɗa shi da magani. Mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci dare ɗaya bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin na'ura, ya fara gumi da karkarwa, har ya suma. Wasu sababbin magunguna da ke fitar da sukari ta fitsari kuma, idan suka haɗu da keto, kan jawo taruwar kiton mai guba a jini. Masu ciwon ƙoda, mata masu juna biyu da masu nau'i na ɗaya, waɗannan bai halatta su gwada shi da kansu ba. Ga kuma tsada: nama, kifi da ƙwai kullum sun fi ƙarfin aljihun manomin citta na Kachia ko ɗan fansho na Kagoro.

Akwai wani bincike da ke nuna inda bakin zaren yake. A 2017 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin DiRECT da aka yi a Birtaniya, inda kusan kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya suka samu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Tsarin ba keto ba ne, abin da ya yi aiki shi ne rage nauyi da sa idon ƙwararru.

Hanyar da ta fi dacewa da yankin tana cikin gonakinsa. Faten acca da aka cika da rama, yakuwa da gyaɗa, aka rage hatsin, ya fi malmala uku ta tuwo. Zogale, alayyahu, kuɓewa, gauta da riɗi duk suna kasuwar Kafanchan a kan farashin da talaka zai iya. A raba malmala biyu, a ninka miya, a bar lemon kwalba da kunu mai sukari, a riƙa tattaki bayan cin abinci.

Ma'aikacin da ke aika kuɗi gida kuwa, ya fi masa alheri ya saya wa mahaifiyarsa na'urar gwajin sukari da tsinkayenta, ya biya mata kuɗin mota zuwa babban asibitin da ke Kafanchan. Likitan da ya san maganin da take sha shi ne zai faɗi yawan tuwon da za a rage, da kuma ƙwayar da za a rage tare da shi.