Kwance Notin da Ya Cije a Tsohuwar Landiroba

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana abin da ke sa noti ya cije a jikin tsohuwar mota ƙirar Land Rover, wadda Hausawa ke kira Landiroba, da yadda ake kwance shi ba tare da ɓarna ba. Mai karatu ya sha ganin yaron bakanike ya zura bututu a hannun sifana, ya hau kai da ƙafa, sai a ji ƙas! Kusa ta karye, guntunta ya saura cikin rami, aikin rabin sa'a ya koma na kwana biyu.

Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da motar a 1948. A lokacin nan ƙarfe ya yi wuya a ƙasar, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don haka aka yi mata shasi na ƙarfe, amma bodi na gorar ruwa, watau alminiyam. To, a nan gizo ke saƙar. Idan kusar ƙarfe ta ratsa gorar ruwa, laima kuma ta shiga tsakaninsu, sai gorar ruwan ta riƙa cinyewa tana zama farin gari mai toshe zaren kusa. Inda kuwa ƙarfe ne da ƙarfe, kamar kusoshin sifirin da na salansa, tsatsa ce ke aikin. Ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, saboda haka takan kumbura ta matse notin ta ciki.

Akwai kuma tarkon awo. Yawancin kusoshin motar na inci ne, wasu ma na tsohon awon Whitworth, alhali sifanonin da suka cika kasuwa na milimita ne. Alal misali, notin rabin inci faɗinsa milimita 12.7 ne. Sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma sako-sako, kuma wannan ɗan giɓin ya isa ya goge kusurwoyin notin. A ganina, nan ne aka fi yin asara, gama notin da ya mulmule babu sifanar da za ta sāke riƙe shi.

Bakanike mai haƙuri yakan fara da goge wurin da burushin waya, ya zuba man kwance tsatsa ko kananzir, ya bar shi ya kwana. Sa'an nan ya ɗan bubbuga notin da guduma don tsatsar ta farfashe, ya sa soket mai kusurwa shida. Yakan ɗan ƙara ɗaure shi tukuna kafin ya juya baya, ya yi ta kai da komowa har ya saki.

In ya ƙi, sai wuta. Noti ake gasawa, ba kusa ba, domin ya buɗe. Amma lalle a yi hattara. Ƙarfe yakan yi ja ya yi gargaɗi. Gorar ruwa kuwa ba ta canja launi, da zafi ya kai wajen digiri 660 sai kurum ta narke ta zube. Bugu da ƙari, a gajeruwar Landiroba tankin mai yana ƙarƙashin kujerar gaba, kuma dole a share kananzir ɗin jiya kafin a kunna wuta.

Idan duk wannan bai yi ba, gara a tsaga notin da kurfi a ceci kusar, tun da noti ba shi da tsada. In kuwa kusar ta riga ta karye, mai walda yakan liƙa wani noti a kan guntun. Zafin waldar kansa yakan sassauta tsatsar, a juya guntun ya fito. Kafin a ɗaura sabuwa, a shafa wa zarenta giris, a kuma sa washa ta roba tsakaninta da bodi.