Ɗumama Injin Mota Da Asuba: Shin Shi Ne Ke Hana Gasket Ƙonewa?

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a 'Yankuzo cikin ƙaramar hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara. Ya ce yana da babbar mota mai ɗaukar masara da dawa zuwa Tsafe da Gusau, wani lokaci har Bungudu. A kakar bana sau biyu tof gasket yana ƙonewa. Shi yana zargin direbansa da cewa ba ya ɗumama inji da asuba, shi kuma direba ya ce barin mota tana silo ɓarnar man gas ce kawai. Shin wa ke da gaskiya?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Kowannenku yana riƙe da wani yanki na gaskiyar, amma babban mai laifin ba ku ambace shi ba. Bari mu faro daga tushe.

Inji kashi biyu ne manya. Akwai bulok a ƙasa inda fistin ke hawa da sauka, akwai tof silinda da ke rufe shi daga sama kamar murfin tukunya. Gasket shi ne siririn faifan da ake shimfiɗawa tsakaninsu a ɗaure da kusoshi. Aikinsa raba abubuwa uku da ba a so su haɗu: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Injin gas kuwa yana matse iska wajen ninki 16 zuwa 20 kafin mai ya kama, ka ga ke nan faifan nan yana shan wahala a kowane bugu.

Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce. Tof silinda ya fi bulok saurin ɗaukar zafi domin wutar a jikinsa take bugawa. Idan direba ya tayar da mota cikin sanyin hunturu, a watan Disamba ko Janairu, ya taka totur da cikakken lodi nan take, sama zai buɗe alhali ƙasa bai motsa ba, sai su riƙa gugar gasket a tsakani. Abin ya fi tsanani ga motocin da tof ɗinsu na alminiyon ne bulok kuma na baƙin ƙarfe, irin Peugeot 504 a-kori-kura da aka riƙa haɗawa a Kaduna, domin alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Tsofaffin manyan motoci irin Mercedes-Benz 911, wadda kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa haɗawa, sama da ƙasa duk baƙin ƙarfe ne, shi ya sa suka fi haƙuri. A nan gaskiyarka, Alhaji.

Amma shi ma direba bai yi ƙarya ba. Injin gas ba ya ɗaukar zafi sosai in yana silo babu kaya a kansa. Ka bar shi rabin awa yana kuka a ƙofar gida, mai ya ƙone a banza, wanda bai ƙone da kyau ba ya gangara ya tsinka baƙin mai, baƙin hayaƙi kuma ya taru a ringi. Abin da ya dace shi ne tsaka-tsaki. A duba ruwa da baƙin mai tun inji na sanyi. A tayar ba tare da zuga totur ba. A jira fitilar baƙin mai ta mutu, iskar birki ta cika in motar mai birkin iska ce, wato kamar minti 3 zuwa 5. Sannan a kama hanya a hankali da ƙananan giya, kada a matsa mata sai allurar zafi ta hau inda ta saba tsayawa, tsakanin digiri 80 zuwa 95. Tafiya a hankali ita ce ɗumamawa ta gaskiya.

To yanzu ga babban mai laifi: zafin da ya wuce kima. Yawancin gasket da ke ƙonewa a ƙasarmu tafasar inji ce ke cin su. Lokacin kaka ƙaiƙayi da ƙurar hunturu sukan toshe idanun lagireto, iska ta kasa wucewa. Ruwan rijiya ko na rafi da ake ɗurawa yana barin tsatsa da dattin gishiri a ciki. Fanbel ya saki, ba a kula ba. Murfin lagireto ya lalace, aka toshe da tsumma. Murfin nan ba ado ba ne. Shi ke riƙe matsi yadda ruwa zai haura digiri 100 bai tafasa ba. Sai kuma lodin da ya fi ƙarfin mota: buhun da aka ƙara don riba shi ne yake dafa inji a hanya.

Akwai kuma al'adu biyu da muke roƙo a daina. Ta farko, kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa. Wannan yana iya lanƙwasa tof ko ya tsaga shi. A tsaya a gefen hanya, a bar shi ya huce, kada ma a buɗe murfi da zafinsa don tururi yana ƙona fuska. Ta biyu, cire tamostat da wasu bakanikai ke yi wai ƙasarmu da zafi. Shi ne ke tsare ruwa cikin inji har ya ɗumama da wuri. In babu shi, injin zai daɗe cikin sanyi kowace safiya, wato an ƙara tsawon lokacin da kake jin tsoro.

Tunda ka ce sau biyu a kaka ɗaya, muna kyautata zaton gyaran farko ne bai cika ba. Idan tof ya lanƙwashe tun tafasar farko, ko sabon gasket goma aka sa zai ƙone. Ka ce wa bakanikenka ya auna fuskar tof, in ta karkace a kai inda ake goge ta da na'ura. A sa gasket na ƙwarai, a ɗaure kusoshi bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, ba da ƙarfin hannu da bututu ba. A wanke lagireto, a duba wata-famfo.

Ga alamomin da za ku lura da su kafin abu ya ɓaci: ruwa yana raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, farin hayaƙi daga salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Da an ga ɗaya, sai gareji. A halin tsaron da yankinku yake ciki, babu mai son motarsa ta mutu a daji tsakanin 'Yankuzo da Tsafe rana na faɗuwa.

Saboda haka, Alhaji, kada ka yi saurin karɓe makulli daga hannun direbanka. Ku zauna tare da shi da yaron mota, shi ya yarda da minti biyar na safe da tafiya a hankali, kai kuma ka rage lodi ka saki kuɗin gyara. Da fatan ka gamsu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.