Daga Laberiya Zuwa Nijar: Ina Rundunar ECOWAS Ta Dosa?

A watan Agusta na shekarar 2023, babu hirar da ta mamaye teburan masu shayi a Nima da Maamobi kamar ta Barikin Burma. A can ne, nan cikin birnin Accra, manyan hafsoshin sojan ƙasashen ECOWAS suka zauna ranakun 17 da 18 ga wata, suna tsara yadda za su shiga Nijar da ƙarfin bindiga don mayar da Shugaba Mohamed Bazoum kan mulki. Mu kuwa a Zango, da yawanmu muna da dangi a Tawa, Dosso ko Maraɗi. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma mun ji a jikinmu: an rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, kuɗin buhu ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar Adjen Kotoku.

Idan mai karatu bai manta ba, don ciniki aka kafa ECOWAS a Legas a 1975. Yaƙin basasar Laberiya ne ya sa ta ɗaura kaki. A watan Agustan 1990 rundunar ECOMOG ta sauka Monrovia a ƙarƙashin ɗan ƙasarmu, Laftanar Janar Arnold Quainoo, da niyyar rabon faɗa. Ba a yi wata guda ba mayaƙan Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a hedikwatar rundunar, suka tafi da shi suka kashe. Daga nan mai rabon faɗa ya zama ɗan faɗa.

Sannu a hankali aikin ya koma kare kujerar zaɓaɓɓun shugabanni. An mayar da Tejan Kabbah mulki a Saliyo a 1998, aka tilasta wa Yahya Jammeh barin Gambiya a 2017. Wannan sandar ce aka ɗaga wa Nijar, sai dai wannan karon ba ta tsorata kowa ba. Mali da Burkina Faso suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Ranar 16 ga Satumba, 2023 ƙasashen uku suka kafa nasu ƙawancen tsaro mai suna AES, kuma a Janairun 2025 suka kammala ficewa daga ECOWAS.

To, yanzu mene ne aikin rundunar? Shugabanni sun ce yaƙi da ta'addanci. Ko ƙawancen NATO ya taɓa shiga irin wannan hali bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, har neman aikin yi ya kai shi Afganistan. Amma matsalarmu ta fi tasu ɗaure kai, domin masu ɗauke da makaman da ake son a yaƙa, sansanoninsu na cikin ƙasashen da suka fice. Yaya za ka kashe gobara a gidan da aka rufe maka ƙofa? Shi kansa Shirin Accra da aka ƙulla a 2017 don tsaron iyakoki, da Burkina Faso aka kafa shi.

A ganinmu, abin da ya sa Shugaba John Mahama ya zaɓi lallashi ke nan. Ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey wakili na musamman ga ƙasashen uku, sannan a watan Maris na 2025 ya taka da ƙafarsa zuwa Bamako, Yamai da Wagadugu. Fatake da direbobinmu da ke bi ta Paga da Bawku sun kasa kunne su ji abin da wannan zirga-zirga za ta haifar.